Wanda Ya Tsaya a Hagun Fari

Ranar Alhamis da la'asar mutanen Gidan Dutse, wani ɗan ƙauye a ƙasar Tsaskiya, suka dawo daga ta'aziyya a Runka, suka tarar da turke guda a gidan tsoho Baƙo babu komai a kansa. Fari, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, ya yi ɓatan dabo. Abokin aikinsa Ja yana ta zagaye nasa turken yana kuka har muryarsa ta dushe. Ranar Laraba aka yi ruwan farko, kowa na shirin huɗa. A shekarar da tiyar gero ta gagari mai gida kuwa, wanda ya rasa sa ya rasa abincin shekara.

Mutanenmu, in tsoro ya daɗe a cikinsu, bincike ba ya ɗaukar su minti goma. Samari suka ga sawun takalmin roba irin wanda makiyaya ke sawa, suka ga ya bi burtali, burtalin kuma ta gefen rugar Manu ya ratsa. Shi ke nan, an gama shari'a. Kafin magariba 'yan sa-kai sun ɗauko Manu, mutumin da ya shekara ashirin yana zaune da su lafiya, sun ɗaure shi a wani aji na firamaren da aka daɗe da daina karatu a cikinta.

Washegari da sassafe Daudu mai bin sawu ya iso. Tsoho ne ya haura saba'in, siriri, mai yawan mita, amma duk ƙasar Safana an san in ya sunkuya ya dubi ƙasa, sai ta faɗa masa abin da ta gani. Ya sami Armaya'u, shugaban 'yan sa-kai, zaune a bakin ajin da bindigarsa a cinya. Suka gaisa, suka tambayi iyali da ruwa da kwanan gari.

“Armaya'u, mutumin nan ya amsa laifi?”

“Ina fa zai amsa, Baba? Ai ba sa amsawa.”

“To ka ba ni shi zuwa gobe.”

“Gobe ta yi nisa. Yaran nan jiya ma da ƙyar na riƙe su. In aka yi la'asar ba ka kawo mini sa ko ɓarawo ba, bayan dutse za su kai shi, kuma wallahi ba zan iya tare su ba.”

Daudu ya san waɗanda aka kai bayan dutse. Bai san ko ɗaya da ya dawo ba. Ya leƙa ta taga, ya ga Manu a jingine da bango, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Manu bai roƙe shi komai ba, ya dai ɗaga kai ya ce, “Baba Daudu, an tashi lafiya?” Wannan gaisuwar ta fi kuka tayar masa da hankali.

*

A gidan Baƙo, samari sun tattake bakin turke kamar an yi dambe a wurin. Daudu ya yi tsaki, ya zage su su da iyayen da suka haife su, sannan ya fita waje inda ƙasa ke da sauran danshi. Nan ya sami sawun. Sa ɗaya, mutum ɗaya. San yana tafiya miƙe, ba gudu ba turjiya, mutumin kuma yana hagunsa, kusa da shi. Takalmin roba ne, gaskiya, amma rabin talakawan Safana shi suke sawa tun da takalmin kirki ya zama na masu hali.

Baƙo na zaune a tabarma, ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Shi da Daudu tare suka yi kiwon awaki suna yara, don haka babu wata doguwar kunya a tsakaninsu.

“Wa ya rage a gida jiya?” in ji Daudu.

“Ba kowa. Ni a-kori-kura ta kai ni Runka. Yusha'u yana ta jigilar mutane a babur. Deborah ta tafi Safana nemo mini maganin ƙafa.”

Yusha'u, ɗan Baƙo, ɗan acaɓa ne, ya musulunta tun yana saurayi. Yayarsa Deborah tana nan a cocin uwarsu, ta dawo gida da 'ya'ya uku bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a hanyar gona. Tana da takardar malanta, babu aikin. Ita ce ta kawo wa Daudu ruwa ta durƙusa ta gaishe shi, idanunta jajir, kamar na kowa a gidan.

“Akwai wanda ya taɓa cewa a sayar da san?”

Baƙo ya dubi ɗansa. Yusha'u ya ce, “Ni ne, Baba Daudu. Wata biyu da suka wuce. Fetur ya kashe mini sana'a, na ce a sayar da guda in ja jari. Baba ya ce in sake faɗa ya tsine mini. Ban sake ba.”

“To tayar da babur ɗinka. Kai za ka ɗauke ni.”

Suka bi burtali, Daudu na sauka yana hawa. Sawun ya wuce rugar Manu bai ko karkata ba. Matan rugar na tsaye cirko-cirko suna kallonsu, babu wadda ta iya gaisuwa. Can a bakin hanyar mota sawun ya ƙare, a gefen wani tudu inda aka ja a-kori-kura da baya aka loda san. Tayoyin sun nufi Batsari.

*

Kasuwar shanu ta watse tun jiya, amma dillalai ba sa rasa zama a gindin bishiya. Wani mai jan gemu ya tuna da san nan take.

“Farin nan mai tabon karkiya a wuya? Ni na sayar. Tun jiya ya bi tirela kudu.”

Sa dai ba zai dawo ba, saura ɓarawo.

“Wa ya kawo shi?” in ji Daudu.

“Direba, wani baƙo, ya wuce Jibiya. Mai san bai zo ba, rubutu yake ta aiko wa direban a waya. Ni abin da ya ba ni haushi, bai ja farashi ba ko kaɗan, la'adata ya tasa a gaba. A rage, a rage. Tun da nake ban taɓa ganin mai tsoron la'ada irinsa ba. Kuma ya ce ba ya son tsabar kuɗi, a kai wa Faisal mai POS.”

Shagon Faisal na bakin tasha, wayoyi sun fi hamsin a jere suna caji. Saurayi ne mai tsabta da agogo mai ƙyalli, irin waɗanda Daudu ba ya yarda da su tun daga nesa. Da ya ji maganar san sata ce, sai gumi ya karyo masa.

“Baba, na rantse ban san na sata ba ne. Ni dala kawai na canza, na tura asusun da aka ce.”

“Asusun wa?”

“Na dillali. Na ƙasar waje.” Ya ga tsohon ya haɗe gira, sai ya gyara tsayuwa. “Kamar kafin alƙalami ne, Baba. Ka ce a riƙe maka buhun gero a farashin yau zuwa Juma'a, ka ajiye ɗan abu. In gero ya tashi, riba taka ce, mai yawa ma. In bai tashi ba, abin da ka ajiye ya bi ruwa. Sai dai wannan ba gero ba ne, hannun jarin kamfanonin Amurka ne, kuma sai ta hannun dillalin can.”

“Ka taɓa ganin dillalin?”

“A waya yake. Samunsa ma aiki ne. Wani ya ce ba ya karɓar 'yan Najeriya. Wani sai ka kawo takardar biyan kuɗin wuta, mu da muka manta kalar wutar. Wani la'adarsa kaɗai ta isa ta cinye ka. Wata huɗu 'yan gurup ɗinmu na waya suna nema kafin su dace da mai sauƙi. Shi ma ba ya buɗe maka ƙofa sai ka zuba abin da ya kai kuɗin sa guda.”

Daudu ya girgiza kai. A zamaninsa, dillalin da ba a san gidansa ba ko kaza ba a ba shi.

“Wa ya turo ka canza?”

“Lamba ce kawai a gurup, ba suna, ba hoto, ban taɓa jin muryar mai ita ba.” Ya kira a gabansu, ba ta shiga ba. “Ɗan ƙauye ne. Su sai biyu da rabi, in kasuwar can za ta buɗe, suke hawa tudu neman sabis.” Sai ya dubi bayan Daudu. “A'a, Yusha'u! Ai kai ma kana gurup ɗin. Ba ka san mai lambar ba?”

Yusha'u ya daburce. Ya ce shiga kawai ya yi ya gani, ba shi da ko sisin zubawa, ya ce mutum ya kai ɗari a ciki. Ya faɗi abu ɗaya sau uku, wanda bai taimake shi ba.

A hanyar komawa Daudu na riƙe da rigar mutumin da yake zargi. Yaron ya nemi a sayar da san, ba wanda zai iya cewa ga inda yake jiya da hantsi, ga shi a gurup. In ya ambaci sunansa, Manu ya tsira. In kuma ya yi kuskure, ya canza wa bayan dutse mutum ne kawai, kuma ɗan abokinsa. Bai taɓa jin tsoron idonsa ba sai ranar.

*

Sun iso ana saukowa daga Juma'a. Daudu ya faɗa wa Armaya'u abin da ya samo, Armaya'u ya taɓe baki.

“Baba, yanzu har 'yan daji taransifa suke karɓa. Mutum nake so, ba labari ba.”

Daudu ya koma gidan Baƙo ya zauna a kan turmi, kansa ya kulle. Wani maƙwabci ya zo taimako, ya kwance Ja zai kai shi rijiya. Yana ja daga gaba, san yana karkata dama. Ya dawo da shi, ya sake karkata dama, har ya kusa tura mutumin cikin danga.

“Haka yake?” in ji Daudu.

“Ɗan'uwansa yake nema,” in ji Baƙo. “Shi ne na hagu a karkiya, Fari na dama. Tun suna 'yan maruƙa haka aka hore su. In ka raba su, kowanne sai ya yi ta faɗawa gefen da ɗayan yake.”

Daudu ya tashi. Da sauri irin na tsofaffi ya koma burtali, ya durƙusa. Sawun Fari miƙe yake kamar an ja zare, tun daga gida har bakin hanya, bai karkata hagu ko sau ɗaya ba. Dalili kuwa yana nan a ƙasa tun safe, shi ne bai karanta ba. Mutumin bai ja daga gaba ba, bai kora daga baya ba. Ya tsaya a hagu ne, kafaɗa da kafaɗa, daidai gurbin Ja, yana taku da takun san. Ya daɗe a durƙushe, don abin da ya gano bai yi masa daɗi ba.

*

Daudu ya sa aka tara mutane a filin makaranta. Aka fito da Manu, aka zaunar da Baƙo a benci, Yusha'u da Deborah na bayansa. 'Yan sa-kai sun kai ashirin, rana ta fara karkata, kowa na duban inuwa. Aka kawo Ja.

“Ga tsamiya can,” in ji Daudu. “Manu, kai mini san nan gindinta.”

Aka kwance masa hannu. Manu ya wuce gaba yana kiran san da baki yadda yake kiran nasa, igiya sake a hannu. Ja ya bi shi taku biyar, ya zame dama ya nufi cikin mata, aka watse ana salati.

“Makiyayi gaba yake shiga, dabba ta bi shi,” in ji Daudu. “Yusha'u, kai fa?”

Yusha'u ya karɓi igiyar. Rabonsa da garma tun kafin a sayi shanun nan. Ya ja da ƙarfi, san ya turje, ya yi dama, igiya ta harɗe ƙafar wani ɗan sa-kai ya faɗi da bindigarsa. Wuri ya rikice, Ja ya fara huci yana kaɗa ƙaho.

“Baba, wasa muka zo yi?” Armaya'u ya daka tsawa. “La'asar ta kusa!”

Daudu bai kula shi ba. Ya juya kamar abin ya ishe shi. “Deborah, ɗiyata, kama san nan ki mayar da shi turke kafin ya ji wa wani.”

Tun ɗazu hankalinta na kan dutsen da ake hawa neman sabis, hannunta ɗaya a cikin zane inda wayarta take. Ta zo da sauri don ta gama ta tafi. Ba ta yi tunani ba, jikinta ne ya yi aikinsa. Ta zagaya ta daman Ja, ta naɗe igiyar gajere, ta jingina kafaɗarta da tasa. San ya sauke numfashi, suka tafi tare a miƙe, ƙafa da ƙafa.

Sai da ta yi taku wajen ashirin ta lura filin ya yi tsit. Ta tsaya.

“Wanda ya tafi da Fari haka ya tafi da shi,” in ji Daudu, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ya cike masa gurbin ɗan'uwansa don kada ya karkata. Ɓarawon daji bai san wane ne na hagu wane ne na dama ba. Sai wanda ya yi damina biyu yana huɗa da su, tun da gwiwar Baƙo ta ƙi. Takalmin kuma ina jin na marigayi mijinki ne, wanda kike shiga gona da shi.”

Igiya ta suɓuce daga hannunta. Ta durƙushe a wurin.

“Baba, aro na yi,” ta ce, tana duban mahaifinta. “Wata huɗu ina karatun abin nan. Na bi dillalai sun fi goma har na sami mai sauƙin la'ada. Na ce zuwa yau in kasuwa ta tashi ya ninka, in mayar maka da sa, in kama mana ɗaki a Katsina. Ba zan iya wata daminar a nan ba, Baba. Duk ƙarar babur sai na ƙirga yarana.”

“Manu fa?” in ji Daudu. “Kin ji an kama shi tun jiya.”

“Na ɗauka tsare shi kawai za su yi. Na ce in ya haƙura zuwa yamma...” Ba ta ƙarasa ba, kuka ya ci ƙarfinta.

Baƙo ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. “Sa nawa ne, ɗiya tawa ce. Ba wanda zai taɓa ta.”

Ba wanda ya yi niyya ma. Samarin da tun jiya suke wasa adda sai ga su suna kallon ƙasa, wani har yana cewa ai wannan maganar cikin gida ce. Satar dai ita ce ta jiya, san ma shi ne, mai laifin kawai aka canza, sai ga haƙuri ya samu a garin har ya yi yawa. Yusha'u ya karɓi wayar Deborah ya hau dutse, ya dawo a sanyaye ya ce fiye da rabin kuɗin ya riga ya narke. Armaya'u ya matso wajen Manu ya ce, “To, sai haƙuri. Ka san halin da ake ciki.” Iyakar abin da ya iya ke nan.

*

Daudu ya raka Manu har ruga, yana riƙe da hannunsa don idon da ya rage ma ba ya gani sosai. Daudu na jin wani sanyi a ransa, har ya soma zancen ganyen da za a dafa a gasa kumburin.

Da suka iso, ya ga matan sun riga sun kwance bukka biyu, an ɗaure ƙwarya da tabarmi a kan jakuna.

“Haba Manu, ai magana ta ƙare. Kowa ya ji ba kai ba ne.”

“Sun ji. Allah shi saka maka, Baba Daudu, ka yi mini abin da ɗan'uwa bai yi ba.” “Shekarunka nawa yanzu?”

“Saba'in da wani abu.”

“Akwai wanda ka koya wa duban ƙasa?”

Daudu ya girgiza kai. Yaran yanzu wa zai tsaya ya sunkuya?

“To ka gani,” in ji Manu. “Yau da zazzaɓi ya kwantar da kai, da yanzu ana yi wa matana gaisuwa. Wani san zai sake ɓata a garin nan. Ba zan zauna da 'ya'yana ina roƙon Allah ya bar mini idon tsoho ɗaya ba.”

Ya saki hannun Daudu a hankali, ya juya ya ce wa babban ɗansa da Fillanci ya fara kora shanun.